Tsadar taki: Darasin da binciken Farfesa Brian Forde kan saiwa ke ɗauke da shi ga Najeriya

Duk shekara, da zarar gabas ta fara haɗa hadari, zance ɗaya ne ke mamaye majalisun manoma da rumfunan 'yan kasuwa: nawa buhun taki yake bana, kuma yaushe na gwamnati zai iso? Tambayar ba ta tsaya ga manoma ba. Ɗan kasuwar da ke sayen masara a Dawanau yana lissafi da ita, haka ma ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa wurin mai awo tun wata bai raba ba, domin kuɗin da aka zuba a gindin shuka a watan Yuni shi ne ke dawowa cikin farashin mudu a watan Disamba.

A shekarar 2017, lokacin da shirin takin zamani na Shugaban Ƙasa ya kankama bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko, an ƙayyade buhun kamfa mai kilo 50 a kan Naira 5,500. Wannan farashi ya zama tarihi. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairun 2022 ya hargitsa kasuwar taki ta duniya, har sai da Najeriya ta sayo sinadarin fotash daga Kanada cikin gaggawa bayan na Rasha ya kasa isowa. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira sun ƙara wa wutar iska. Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na 2022, mai iya samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ta sa ƙasar nan cikin manyan masu fitar da yuriya waje, amma hakan bai hana farashi a kasuwannin ƙauye ninkawa sau da dama ba.

Martanin hukumomi kusan iri ɗaya ne a kowane karo: a sayo buhuna, a raba. A watan Maris na 2024, alal misali, Babban Bankin Najeriya ya miƙa wa Ma'aikatar Noma buhu miliyan 2.15 domin rabawa. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi a wuraren bikin rabon taki ba: cikin kowane buhu da aka zuba a gona, nawa ne ke shiga jikin shuka?

Buhu guda, kashi ɗaya cikin uku

A shekarar 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Oklahoma da ke Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun ƙiyasta cewa kashi 33 cikin 100 kacal na sinadarin naitirojin da ake zuba wa hatsi a duniya ne ke ƙarewa cikin ƙwayar da ake girbewa. Idan aka ɗora wannan ƙiyasi a kan buhun yuriya, lissafin yana da tayar da hankali. Kashi 46 cikin 100 na yuriya ne naitirojin, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Kashi ɗaya cikin uku na wannan bai kai kilo 8 ba. Sauran, wani ya tsaya a kara da ganye, wani ya maƙale a ƙasa, wani ya bi iska idan an watsa takin a sarari rana ta dake shi, wani kuma ruwan sama ya wanke shi zuwa zurfin da shuka ba ta kaiwa.

Babbar ƙofar da taki ke bi ya shiga shuka ita ce saiwa. Rabin tsiro yana ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani, kuma shekaru aru-aru masu kyautata iri sun fi mayar da hankali ga abin da ke sama: tsayin kara, girman zangarniya da yawan ƙwaya. Cikin masanan da suka ba da rayuwarsu ga fahimtar wannan ɓoyayyen rabi akwai Farfesa Brian Forde na Birtaniya. Sunansa ba ya cikin waɗanda manomin Funtuwa ko Maraɗi ya sani, amma tambayar da ya shafe shekaru yana bi ita ce ainihin tambayar manomin: yaya shuka take gane inda abincinta yake, kuma me ke sa ta miƙa saiwa ta ɗauko shi?

Daga sha'ir zuwa saiwa

Forde ya yi kimanin shekara ashirin yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke arewa da Landan. Wurin yana da tarihi a harkar taki. John Bennet Lawes, wanda ya kafa cibiyar a 1843, shi ne ya yi rajistar hanyar sarrafa takin sufa shekara guda kafin nan, kuma gonar gwajin alkama da ya fara shukawa a 1843 har yau ana noma ta, ana auna tasirin taki iri-iri a kanta.

A shekarun 1980 aikin Forde ya karkata ne ga ƙwayoyin gado, wato umarnin halitta da tsiro ke gada daga iyayensa, musamman waɗanda ke tsara yadda sha'ir ke tara furotin a cikin ƙwayarsa. Daga nan ya koma nazarin yadda wake ke sarrafa naitirojin a cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa. A 1996 shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke ba saiwar sha'ir ikon zuƙo naitiret ko da ɗan kaɗan ne a cikin ƙasa. Naitiret shi ne siffar da yawancin naitirojin ke komawa bayan ƙananan halittun cikin ƙasa sun sarrafa yuriya ko takin gida, kuma a wannan siffa ce masara, dawa da gero suka fi shan sa. Mai bin tarihin aikinsa zai ga cewa ya faro daga ƙwaya, inda naitirojin ke ƙarewa, ya riƙa bin sawunsa baya-baya har ya iso mashigarsa.

A wannan mashiga ya tarar da wata tsohuwar tambaya. Tun a 1975 wani masani ɗan Birtaniya, Malcolm Drew, ya nuna cewa idan aka ba wani sashe kaɗai na saiwar sha'ir naitiret ko fosfet, aka bar sauran sassan da yunwa, rassan saiwa kan yi cincirindo a daidai wurin da abincin yake. Da ya gwada da fotash bai ga haka ba. Masana da yawa sun ɗauka bayanin a bayyane yake: sashen da ya samu abinci ya ƙoshi, don haka ya girma. Fiye da shekara ashirin ba a samu wanda ya tabbatar da hakan ko ya rushe shi ba.

Gwajin 1998

Forde da abokin aikinsa Hanma Zhang sun ɗauki tambayar zuwa wani ɗan ƙaramin tsiro mai suna Arabidopsis, ɗan uwan kabeji ne na nesa, ba a cin sa, ba a sayar da shi, amma masana suna son sa saboda yakan tsiro ya yi 'ya'ya cikin kimanin mako shida. Suka rena shi a kan faranti mai ɗauke da wani abu garai-garai kamar daskararren kunu, wanda ake iya ganin saiwa ta cikinsa, suka zuba naitiret a wani siririn layi guda. Rassan saiwar da suka faɗa cikin layin sun yi tsawon da ya ninka na sauran sau biyu zuwa uku.

Mataki na biyu shi ne ya sauya fahimta. Sun maimaita gwajin da wani nau'in tsiron da ke da naƙasa, wanda kusan ba ya iya mayar da naitiret abinci a jikinsa. Da ƙoshi ne ke sa rassan tsawo, da wannan nau'in bai motsa ba. Amma rassansa sun miƙe zuwa cikin layin kamar na lafiyayye. Ma'anar ita ce saiwa tana ɗanɗana naitiret, ta gane shi a matsayin labari cewa akwai abinci a nan, sannan ta yanke inda za ta kashe ƙarfinta. Sun kuma gano ƙwayar gadon da ke isar da wannan labari, suka sa mata suna ANR1. Da suka danne aikinta, sai saiwar ta wuce ta cikin naitiret ba tare da ta kula ba. Mujallar Science ta buga sakamakon a watan Janairun 1998. Abin da ya ƙara ba masana mamaki shi ne ANR1 ta fito ne daga dangin ƙwayoyin gadon da aka fi sani da tsara fure, ba a zaci samun irinta tana jagorantar saiwa ba.

Shekara guda bayan haka, tawagar ta bayyana ɗaya gefen lamarin. Idan naitiret ya yi yawa ko'ina, har jikin tsiron ya cika da shi, sai saƙo ya sauko daga ganye ya dakatar da sababbin rassan saiwa tun suna ƙanana. Wato umarni biyu ke aiki a lokaci guda: na wurin da saiwa ta taɓa, mai cewa a miƙa nan, da na jiki gaba ɗaya, mai faɗin ko ana buƙata ko an ƙoshi. Tsiro yana tafiyar da saiwarsa tamkar ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, ba ya buɗe rumfa inda babu ciniki, kuma ba ya ƙara kashe kuɗi neman abin da ya riga ya cika masa sito. Manomin da ya jibga taki lokaci guda yana tsammanin ya kyauta wa shuka, yana iya sa ta taƙaita saiwar da za ta buƙata idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina.

Bayan ya koma Jami'ar Lancaster a ƙarshen shekarun 1990, Forde ya buɗe wani babi. A 2006 tawagarsa ta nuna cewa ɗan kaɗan na sinadarin gulutamet, wanda shi ne tushen ɗanɗanon farin magi kuma yana cikin masu kai saƙo a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, yana sa kan uwar saiwa ya rage gudu, rassa su yawaita a bayansa. Gulutamet na cikin abubuwan da ke fita daga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, shi ya sa masanan suka yi hasashen cewa wata hanya ce da saiwa ke gane ta iso wurin da taki na gargajiya ke ruɓewa. A 2013 suka gano wani ɓangare na hanyar da wannan saƙo ke bi a cikin tsiro.

Yadda wasu suka ɗora

Ƙimar binciken irin wannan tana fitowa ne daga abin da wasu suka gina a kansa. A 2006 wata tawaga a Montpellier ta Faransa, tare da haɗin gwiwar Forde, ta nuna cewa wani furotin mai suna NRT1.1, wanda aka sani da aikin shigar da naitiret cikin saiwa, shi ne ke gaban ANR1 a jerin masu kai labari. A 2009 Yi-Fang Tsay da tawagarta a Taiwan suka tabbatar cewa furotin ɗin ƙofa ne kuma ma'auni ne, yana shigar da naitiret, yana kuma auna yawansa a waje. A 2014 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka gano 'yan ƙananan sinadaran da sashen saiwar da ke jin yunwa ke aikawa sama zuwa ganye, domin ganye ya umarci ɗaya sashen da ke cikin wadata ya ƙara zuƙa.

A 2015 ne zancen ya fito daga farantin gwaji ya shiga fadama. Tawagar Chu Chengcai a ƙasar Sin ta gano cewa manyan rukunan shinkafar Asiya biyu sun bambanta a wata ƙwayar gado 'yar uwar NRT1.1, kuma wannan bambanci na cikin dalilan da suka sa rukuni ɗaya ya fi ɗaya iya shan naitiret. Da aka shigar da nau'in mai ƙarfi cikin ɗaya rukunin ta hanyar barbara, amfanin gona ya ƙaru a gonakin gwaji. Tsakanin abin da Drew ya gani a saiwar sha'ir da wannan shinkafa akwai shekara 40 cif. Babu wanda zai iya nuna wa ma'aikatar kuɗi ribar ANR1 a 1998, kuma da an auna aikin Forde da ma'aunin kasafin shekara guda, da an rufe ɗakin bincikensa.

Inda lamarin ya taɓo Arewa da Nijar

Ƙasar noma a yawancin Arewacin Najeriya da kudancin Nijar jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, kuma tana da ƙarancin naitirojin da fosfet. Kara da harawar da ya kamata su ruɓe su koma cikinta ana kwashe su domin dabbobi, danni da girki. Ruwan Agusta kuwa yakan sauko da ƙarfi ya wanke naitiret zuwa ƙasa. A irin wannan wuri, inda aka ajiye taki da lokacin da aka ajiye shi suna da nauyi daidai da yawansa.

Masana a cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun kai ga wannan matsaya ta hanyar gwaji a gonaki. Tun a shekarun 1990 suka riƙa nuna cewa ɗan taki giram 2 zuwa 6, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, idan aka sa shi a ramin shuka maimakon a watsa, yana ɗaga amfanin gero da dawa sosai. Cibiyar ta ba da rahoton ƙarin kashi 44 zuwa 120 cikin 100 a gonakin Nijar, Mali da Burkina Faso. Haka nan manoman shinkafa da suka rungumi dunƙulen yuriya da ake binnewa cikin taɓo a tsakiyar gindi huɗu, dabarar da ta bunƙasa a Bangaladash kafin a kawo ta Najeriya, suna rage abin da iska da ruwa ke sacewa. Waɗannan dabaru ba daga ɗakin binciken Forde suka fito ba, amma bincikensa da na Drew suna bayyana ɗaya daga cikin dalilan da suke aiki: taki da aka tara wuri guda kusa da jaririyar saiwa yana kiran rassa su taru a kansa tun shuka tana ƙarama.

Akwai kuma wata alaƙa da ta fi ciwo, ita ce ta wuta-wuta, ciyawar da ke shanye dawa, gero da masara tun a ƙarƙashin ƙasa. Idan shuka ta ji yunwar fosfet ko naitirojin, saiwarta kan fitar da wani sinadari cikin ƙasa domin kiran wasu ƙananan halittu dangin naman kaza da ke taimaka mata tattaro abinci. 'Ya'yan wuta-wuta, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, suna jin wannan kira, sai su tsiro su maƙale wa saiwar. Abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji, ga dalilinsa nan. A 2017 tawagar Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka, ta gano ƙwayar gadon da ke sa wasu irin dawa fitar da wani nau'in sinadarin da wuta-wuta ba ta cika amsa masa ba. Wannan misali ne na yadda sanin saƙonnin da saiwa ke aikawa ke zama kariya ga rumbun talaka.

Abin da binciken bai ce ba

Wajibi ne a yi hattara, domin a lokacin tsada duk maganar da ta yi kama da hanyar guje wa sayen taki tana samun masu saurare. Saiwa ba ta ƙirƙirar abin da babu. Ƙasashen Turai da Sin suna neman iri mai tattalin taki ne saboda sun zuba fiye da kima har ya gurɓata musu koguna da rijiyoyi. Matsalar Afirka akasin haka ce. A taron ƙoli na Abuja a 2006, shugabannin nahiyar sun yi alƙawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Wa'adin ya wuce, yawancin ƙasashen kudu da Sahara ba su kai ko kusa ba, abin da ya sa aka sake zama a Nairobi a watan Mayun 2024 aka ɗauki sabon alƙawarin ninka samarwa da rarrabawa sau uku kafin 2034. Irin da ya ƙware wajen zuƙa, idan aka shuka shi a matacciyar ƙasa ba tare da mayar mata da komai ba, zai ƙara tatse ta ne. Wannan suka ce ma da wasu masana ke yi wa dabarar murfin kwalba, ban da wahalar bin rami-rami da hannu a gona mai faɗi.

Na biyu, abin da aka gani a farantin gwaji ba lallai ne ya maimaitu a gona ba. ANR1 kanta ba ta zama irin da ake sayarwa a shagon kayan noma ba. Ƙasa ta gaskiya tana da tauri, zafi, tsami da ƙwari, kuma buƙatun shuka suna karo da juna. Farfesa Jonathan Lynch na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya daɗe yana nuna cewa fosfet yana zama a saman ƙasa ne, yayin da naitiret da ruwa ke gangarawa. Saiwar da ta bazu a sama za ta samu fosfet ta rasa ruwa a lokacin fari, wadda ta nutse kuma za ta samu ruwa ta wuce fosfet. Babu saiwa guda da ta dace da ko'ina. Wadda za ta yi wa masarar Saminaka daidai ba ita ce za ta yi wa geron Gumel ko na Damagaram ba, kuma babu masanin Lancaster ko Nagoya da zai zo ya tantance wannan a madadin masu ƙasar.

Abin da ya rage ga hukumomi

A nan ne darasin ya dawo gida. Najeriya ba ta rasa cibiyoyi ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ya koma 1922, ita ce ta fitar da irin masara, dawa da wake masu ɗauke da sunayen SAMMAZ, SAMSORG da SAMPEA. Akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da gero da alkama, da ta hatsi a Badeggi mai kula da shinkafa, da cibiyar IITA ta Ibadan mai reshe a Kano, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. Masana a waɗannan wurare sun riga sun samar da masara mai jure wuta-wuta da ƙarancin naitirojin. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin bincike da ke zuwa a yanke, ko ya zo bayan damina ta wuce, alhali gwajin iri guda yana buƙatar damuna da yawa a jere. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 ta nemi a ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, kasafin Tarayya bai taɓa kusantar haka ba, kuma cikin ɗan abin da ake warewa, rabon kaya ya fi bincike samun kaso domin shi ake gani a hoto.

Ba duk aikin saiwa ne ke buƙatar na'urori masu tsada ba. Gaskiya ne a Jami'ar Nottingham ta Ingila ana amfani da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki irin ta asibiti domin kallon saiwa tana girma a cikin ƙasa. Amma tawagar Lynch ta fito da hanyar da ba ta buƙatar komai sai shebur, bokitin ruwa da allon awo: a tono gindin shuka, a wanke, a auna kusurwa da yawan rassa. Ɗalibai a kowace tsangayar aikin gona za su iya yin haka ga ɗaruruwan irin gero da dawa na gargajiya, waɗanda manoma suka zaɓa tsawon ƙarni da yawa a kan ƙasa mai yunwa. Tarihin shinkafa ya nuna amfanin hakan: ƙwayar gadon jure ƙarancin fosfet da aka bayyana a 2012 an samo ta ne daga wani tsohon iri na Indiya mai suna Kasalath, wanda irin zamani da dama ba su gaje ta ba. Tun da an kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon gero a 2017, hanyar yin irin wannan nema a cikin geron Sahel a buɗe take.

Akwai kuma abin da ba ya jiran sabon bincike. Shawarar malaman gona ta a binne yuriya maimakon watsawa, a raba ta kashi biyu ko uku gwargwadon girman shuka, a sa ta lokacin da ƙasa ke da danshi, a haɗa takin zamani da na gida, duk ta dace da abin da aka gano game da halin saiwa. Buhun tallafin da ya iso a watan Agusta, bayan masara ta fitar da kai, ya rasa lokacin da shuka ta fi buƙatarsa, ko da an rubuta shi cikin nasarorin shekara. Jihar da ta rage tirela goma daga cikin takin da take saye, ta kashe kuɗin wajen ɗaukar malaman gona da ba su babura, tana iya samun hatsi fiye da wadda ta sayi tirelolin duka ta raba a makare. Dillalan taki ma suna da rawar takawa, domin su ne manomi ke gani ido da ido: ƙananan ƙunshi na kilo ɗaya ko biyar da bayanin yadda ake sawa cikin Hausa za su kai ga manomin da buhu ya fi ƙarfinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashen da ke cin gajiyar ilimin saiwa a yau sun biya albashin masana irin su Drew da Forde shekara da shekaru suna wanke saiwar sha'ir da ta ciyawar da ba a ci, ba tare da sun nemi riba a ƙarshen kowane kasafi ba. Farashin iskar gas, darajar Naira da yaƙe-yaƙen wasu nahiyoyi za su ci gaba da juya kuɗin buhu yadda suka so, kuma manomin Najeriya ba shi da iko a kansu. Kason da shuka ke sha daga cikin buhun shi ne ɓangaren lissafin da ake iya gyarawa a Samaru, Maiduguri da Sadore. Har yanzu babu rahoton rabon taki da ke ɗauke da wannan adadi, kuma ranar da majalisun dokoki suka fara tambayar ma'aikatun noma game da shi, mai saye a bakin mudu zai ga bambanci.